Yadda ake haɗa gaɓar takarda mai lanƙwasa kanta da wutar batir

Masu ƙera mutum-mutumi mai laushi sun ari dabarar origami, wato naɗin takarda na Jafan: ɓangarori su tsaya ƙyam, motsi ya taru a layin naɗi kawai. A 2014 masu bincike na Harvard da MIT sun nuna wanda ke naɗe kansa cikin kamar minti 4, da zafin lantarki a gaɓoɓinsa. Ƙaramar irin wannan gaɓa tana haɗuwa a Damagaram da kayan Kasuwar Dole: farar takarda, fensir 8B (mai taushi, baƙi ƙirin), faffaɗan salatif mai garai-garai, takardar alminiyom, kwali mara kauri, batirin moto mai volt 12, fiyus na amfiya 1, da mitar masu gyaran rediyo.

A yanka takarda santimita 4 a faɗi, 7 a tsawo. A tsakiya a ware zirin santimita 1 daga gefe zuwa gefe, nan ce gaɓar. A goge shi da fensir har ya yi sheƙi, baƙin ya zarce da rabin santimita sama da ƙasa. Sai a shimfiɗa alminiyom biyu a kan wannan rarar, santimita 1 tsakaninsu, kowanne da wutsiyar kama waya.

Kafin a ci gaba, a danne alminiyom a auna da mita turjiyar da ke tsakaninsu, wato yadda baƙin ke tauye wucewar wuta. Ana neman ohm 300 zuwa 500. A volt 12, ohm 400 na ba da wat 0.36, ya isa ɗumama wurin. Idan mita ta nuna dubbai, baƙin bai ƙoshi ba ko fensirin HB ne, mai yawan yumɓu. Siffar zirin ma da dalilinta: wuta na tsallaka gajeriyar hanya mai faɗi ne, shi ya sa turjiyar ta sauko. Wanda ya ja dogon siririn layi zai jira zafi har ya gaji.

A rufe fuskar baƙin da salatif falle ɗaya tak, a murje iska da farce. A bayan takardar a manna kwali sama da ƙasan gaɓa, ita kuma a bar ta tsirara.

Da an haɗa wuta, salatif ya ɗumama ya miƙe, takarda ta saki laimarta ta tsuke, gaɓar ta karkata wajen fuskar da babu salatif. A cire waya, ta huce ta koma a hankali. Gaɓa ɗaya kaɗan take lanƙwasa. Don naɗi mai zuwa-da-dawowa sai a jera uku ko huɗu, ana juya fuskar salatif a kowace, kowace da wayarta zuwa batir.

Yanayinmu yana da hannu a ciki. Da hunturu takarda a bushe take ƙayau, ba ta da laimar da za ta saki, motsin sai ya ragu. Da damina ya fi fitowa. A zafin Afirilu da Mayu kuwa komawarta na jinkiri. Don haka a manna salatif a inuwa, a ɗakin da za a yi gwajin, in ba haka ba gaɓar ta kwana a karkace tun ba a ba ta wuta ba.

Idan salatif ya yamutse ko an ji ƙauri, a cire waya nan take, zafi ya yi yawa. Fiyus ɗin dole ne, domin alminiyom biyun in suka taɓa juna batirin moto zai yi tartsatsi. Wutar gida ta volt 220 kuwa kada a kusanto da ita ko kusa.