Kafin ku tura labarinku wajen edita

'Yan uwa marubuta, in kun gama labari a Word kar ku yi saurin turawa. Ku danna Ctrl+F ku nemo kalmar da ta zame muku jiki, ni dai "kawai" ce, a babi ɗaya na gan ta birjik kamar tururuwa har kunya ta kama ni. Ku kuma kunna Track Changes kafin gyara, duk abin da kuka goge yana nan, in bai yi ba ku dawo da shi. Amma Ctrl+H, wato na sauya wata kalma da wata, a bi shi a hankali fa, na taɓa canza sunan Ali zuwa Musa gaba ɗaya, ashe alƙali ma ya koma alƙmusa. Ku zaɓi neman cikakkiyar kalma tukuna.