Yadda za ka ci moriyar yini ɗaya a Guangzhou: karin kumallo, kabarin sarki da sallar Juma'a

Mutanenmu da yawa sun je birnin Guangzhou na ƙasar Chana sau biyar sau goma amma in ka tambaye su me suka gani sai su ce maka kasuwa, otal da ofishin kago, shikenan. Abinci ma kullum can Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa, shinkafa da miya ko shawarma, kamar ba a bar gida ba. Abin yana damuna gaskiya, domin garin nan ya haura shekara 2,000 yana ciniki da baƙi, kuma akwai ranar da kaya suna hannun masana'anta kai kana kwance a ɗaki kana danna waya kawai. To wannan ranar nake so ka ba ni, in da hali ta zama Juma'a, zan faɗa maka dalili a gaba. Litinin dai kar ka fara, yawancin gidajen tarihi a Chana a rufe suke ranar.

Tun da dare ka haɗa kayanka. Fasfo na asali, ba hotonsa a waya ba, saboda da shi ake yanka maka tikiti a gidan tarihi. Takalmi mara nauyi don za ka yi tafiyar ƙafa sosai, lema in tsakanin watan Afrilu da Satumba ne don ruwa kan sauko ba sallama ga zafi mai gumi, sai gorar ruwa da tishu domin banɗakinsu ba buta. Taswirar Google ba ta aiki yadda ya kamata a can, ka sa Amap, manhajar taswira ta Chana, a wayarka. In kana da manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat da kuɗi a ciki to ka huta, in babu ka riƙe canjin yuan, kuɗin Chana, kuɗin metro daga yuan 2 yake farawa. Sannan ka ajiye hoton waɗannan haruffa biyu: 清真. Qingzhen ake karanta su, wato halal, kuma galibi a koren allo za ka gan su a ƙofar shago.

Ƙarfe 7:30 ka fito da cikinka ba komai. Daga Xiaobei ka hau layi na 5 tasha ɗaya zuwa babbar tashar jirgin ƙasa, ka koma layi na 2 zuwa Gongyuanqian, sai layi na 1 tasha ɗaya ka sauka a Ximenkou. Nan kan titin Zhongshan na 6 akwai tsohon gidan abincin Musulmi da ake kira Huimin Fandian, kuma shi ya sa na kawo ka unguwar nan, don abincin mutanen Guangzhou na asali, wanda suke kira yum cha wato shan shayi da ƙananan cime-cime, kusan ko'ina da alade ake yinsa. Ba naman kaɗai ba, har wanda kake ganin jatan lande ne zalla sau da yawa akwai kitsen alade a cikin haɗin, haka ɗan kek ɗin ƙwai mai ɓawo-ɓawo, wasu da man alade suke murza fulawarsa. Saboda haka kar ka ce ai na kifi zan ɗauka a shagon da ba halal ba. A gidan Musulmi kuwa da naman sa, rago da kaza ake maye gurbinsa, ka ci hankali kwance.

Da ka zauna za a tambaye ka wane shayi, ka ce pu'er in kana son mai kauri da ke wanke maiƙo. Ba madara ba sukari, haka ake shansa. Za ka ga kwano babba a tsakiyar tebur, na wanke kofi da tsinken cin abinci ne da ruwan zafi kafin a fara, ka kalli na kusa da kai ka yi yadda ya yi. In wani ya zuba maka shayi ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya kenan a wajensu, in butar ta ƙare kuma ka ɗaga murfinta ka bar shi a karkace, ma'aikaci zai zo ya ƙara ruwa ba sai ka yi magana ba. Abin da zan ce lallai ka ɗauka shi ne changfen, ƙullin shinkafa ne da ake turara shi sirara-sirara a naɗe da naman sa a zuba masa ruwan waken soya, santsi gare shi yana wucewa kafin ka tauna. Sai shaomai, 'yan ƙananan ƙullin fulawa da ake cusa wa naman sa a turara, a ɗan kwandon gora, da kunun shinkafarsu mai gishiri da citta, wanda duk wanda ya saba da koko da safe cikinsa zai karɓa nan take. Kwando uku ko huɗu ya ishi mutum ɗaya. In tsinke ya gagare ka ka ce shaozi a ba ka cokali, ba wanda zai kalle ka, abin da dai ba sa so shi ne ka soke tsinken a tsaye cikin shinkafa, yana musu kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa titin Guangta inda masallacin Huaisheng yake. Sunan yana nufin begen Manzo (SAW). Mutanen garin suna danganta kafuwarsa da shekarar 627, zamanin daular Tang, an sake gina shi a 1350 da kuma 1695 bayan gobara. Hasumiyarsa mita 36 ce, zagayayya, sumul ba ado, ba ta yi kama da sauran gine-ginen Chana ba ko kaɗan, kuma a da can kogi yana kusa da ita har jiragen ruwan Larabawa da Farisawa suna gane hanya da fitilar da ake kunnawa a samanta. Duk unguwar nan ta baƙin fatake ce a lokacin. Ka yi raka'a biyu, ka ɗan zauna a tsakar gidan, rabin awa ya isa.

Ka koma metro, Gongyuanqian, layi na 2, tasha biyu ka sauka a Yuexiu Park. A nan ne zuciyar yinin take, gidan tarihin Sarkin Nanyue, ɓangaren kabari, a titin Jiefang ta arewa, jan gini ne ba za ka ɓata ba. Tikitin ba tsada. Ka ba shi awa biyu cif, kar ka yi gudun 'yan ɗaukar hoto.

A 1983 ne masu aikin gini suna rage tudun Xianggang suka ci karo da manyan duwatsu a jere, ashe rufin kabarin Zhao Mo ne, sarki na biyu na masarautar Nanyue, wanda ya mutu a shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɓarayin kabari ba su taɓa gano shi ba, don haka komai yana nan yadda aka ajiye. Ka fara da sauka cikin ramin kansa, ɗakuna bakwai ne na dutse, matsattsu, wani wurin sai ka sunkuya. Mutum 15 aka binne tare da shi, har da matansa huɗu da masu dafa masa abinci, ni dai duk sanda na tsaya a ɗakin matan nan sai jikina ya yi sanyi, rai ne aka ɗauke saboda kawai sarki ya mutu. Bayan ka fito sai ka shiga ɗakunan nuni a sama. Kowa rigar dutsen nan yake rugawa ya gani, wadda aka lulluɓe gawar da ita daga kai har tafin ƙafa, ƙananan faifan dutsen jed 2,291 da aka ɗinke da jan zaren siliki, don sun yi imani dutsen zai hana jiki ruɓewa. Akwai hatiminsa na zinariya mai siffar dodon macijin nan na Chana (dragon) a sama, shi ya nuna wa masu bincike ko kabarin wane ne.

Amma ni abu uku nake so ka nema da idonka. Na farko ɗan akwatin azurfa mai zanen Farisa, da aka samu da ƙwayoyin magani a ciki. Na biyu hauren giwa guda biyar da bincike ya nuna na giwar Afirka ne, ga kuma lubban da aka samu tare da kayan. Ka tsaya ka yi tunani Alhaji, kaya daga nahiyarmu sun iso garin nan fiye da shekara 2,100 kafin kwantenarka ta farko ta bar shi. Na uku kayan girkinsa: tukwanen tagulla manya, da abin gashin nama na tagulla mai kusurwa huɗu da ƙarafunan tsire nama, duk mai tukubar tsire in ya gani zai gane aikinsa ba sai an fassara masa ba. An ma samu ƙasusuwan ƙananan tsuntsaye fiye da 200 da na kifi da kaguwa a cikin tukwane. Wato son cin nan da ka gani da safe, tsofaffi sun cika tebur suna hira da shayi, daɗaɗɗen abu ne a garin. Akwai wani ɓangare na matasan kai na tangaran, ka leƙa ka wuce, lokaci na tafiya.

Kafin ƙarfe 1 ka fito ka miƙe arewa a kan titin, kamar minti goma, za ka fara ganin farar hula da jallabiya suna kwarara wuri ɗaya. Masallacin Xianxian kenan, wanda mutanenmu ke cewa masallacin Sahabi, kuma dalilin da na ce Juma'a kenan, don ga gidan tarihi ga masallaci ba sai ka hau komai ba. A cikin lambun akwai ƙubba da Musulmin Chana suke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne (RA). Abin da ke cikin littattafan tarihinmu shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a, ka san wannan, amma ba wurin musu ba ne, maƙabartar Musulmin farko ce ta garin, ka yi musu addu'a. Jama'a dubbai ne, 'yan Hui wato Musulmin Chana, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Mali, Nijar, Najeriya, sahu har cikin bishiyoyi, don haka ka zo da alwala da ƙaramar darduma. Bayan sallama akan samu masu sayar da abinci a kewayen wurin, tsiren rago mai yaji da kamun irin na Xinjiang, gurasar tanderu da suke kira nang, shinkafa dafa-duka da karas da naman rago. In ba ka samu ba ko cunkoson ya yi yawa, duk shagon taliyar Lanzhou mai koren allo ya wadatar, a gabanka za a ja taliyar da hannu a tsoma a romon sa, ka ce shao la in ba ka son barkono da yawa.

Wajen ƙarfe 3 ka hau layi na 2 zuwa Gongyuanqian, ka koma layi na 1 zuwa tashar Chen Clan Academy. Gidan zuri'ar Chen ne, an gama shi a 1894, dangin daga gundumomi 72 na lardin Guangdong suka yi karo-karo suka gina don 'ya'yansu masu zuwa jarrabawar shiga aikin sarauta su samu masauki. Yanzu gidan adana sana'o'in hannu ne. Nan wuyanka zai gaji, don aikin yana sama: dubban mutum-mutumi na tangaran a kan rufi, sassaƙar bulo, ta katako, ta dutse. A ciki ka nemi ƙwallon hauren giwa da aka sassaƙa ƙwallo cikin ƙwallo kowanne yana juyawa da kansa. Awa ɗaya ta isa, kuma ka tuna da wuri suke rufewa, kar ka bari biyar ta yi maka a hanya.

Tasha biyu gaba ita ce Huangsha. Ka bi ta kasuwar Qingping ta busassun magunguna, saiwoyi da ɓawon lemo da naman kaza buhu-buhu, warin zai tuna maka layin 'yan magani a Kurmi, sannan ka tsallaka gada zuwa tsibirin Shamian, inda Ingila da Faransa suka riƙe daga wajen 1859 zuwa shekarun 1940, gidajen Turawa da manyan bishiyoyi, wuri ne na zama a huta ƙafa a bakin kogi. A unguwannin nan za ka ga shagunan kayan zaƙi, ka nemi shuangpinai, madara ce da farin ƙwai da sukari a turare, ko jiangzhuangnai, madara mai zafi da ake zubawa kan ruwan citta ta daskare da kanta, wannan na biyun shi na fi so, yana ɗumama ƙirji. In watan Yuni ne ko Yuli ka sayi laici, wani ɗan itace mai zaƙi, a bakin hanya, lokacinsa kenan.

Abincin dare ka koma Ximenkou, layi ɗaya ne ba canji. Ka gwada kazar da suke kira baiqie ji, dafaffiya ce a ruwa ana ci da sanyinta da miyar citta da albasa mai lawashi, ka sani tun yanzu jikin ƙashin yakan yi ja-ja, haka suke sonta, in ranka bai kwanta ba ka ɗauki turararren kifi ko tukunyar rago mai zafi, da ganyen caisin da farar shinkafa. In wani abokin ciniki ɗan Chana ya ja ka wani gidan daban, ka ce masa wo bu chi zhurou, ba na cin alade, ka ƙara da bu yao jiu don suna zuba giya a girki, mafi sauƙi dai ka nuna masa haruffan nan biyu na wayarka ka ce can za mu. Metro yana tsayawa wajen 11 na dare, in kun daɗe a hira sai ka kira mota ta manhajar Didi.