Gbere da ukwa: kurakuran da ke ɓata tukunya

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yin sa. Abu biyu ne Turawa suka haɗa wa suna ɗaya, breadfruit, alhali ba girkinsu ɗaya ba. Akwai babban ɗan itace kore mai girman ƙwallo, wanda Yarbawa ke kira gbere, mutanen Ile-Ife har sakwara suke yi da shi. Asalinsa tsibiran tekun Fasifik ne. Akwai kuma ukwa na Ibo, ƙananan 'ya'ya ne farare da ake cirowa daga wani itacen daban na Afirka, ana auna su da gwangwani. Uwargida, idan kin shiga kasuwar Utako ko ta Wuse a Abuja, ki faɗi wanda kike nufi da sunansa. Ni a karon farko ukwa na kawo gida, na zauna ina neman abin da zan fere.

A gbere, abin da ya fi cutar da mu shi ne muna ɗaukar sa kamar doya. Doya kan yi makonni a sito ba abin da ya same ta. Shi kuwa kwana biyu zuwa uku da tsinka ya fara laushi, balle a zafin Abuja, kuma ya riga ya sha hanya daga kudu kafin ya iso. Ki saya ranar da za ki dafa. In dole ya kwana, ki nutsar da shi cikin bokitin ruwan sanyi. Wajen zaɓe ki nemi mai tauri, wanda korensa ya fara komawa ruwan ɗorawa, ga busasshen farin ƙaro a jikin ɓawon. Mata da yawa na gudun wannan tabon suna zaton lalacewa ce, alhali shi ne shaidar ya ƙosa. Mai kore shar mai kyan gani ɗanye ne, in kin dafa shi sai ya yi kamar roba a baki.

Ƙaron nan kuma yana manne wa wuƙa da hannu. Ki yanke wajen karan, ki kife shi ya tsane, ki shafa wa wuƙar man gyaɗa. Tsakiyarsa mai kama da soso ba a ci, a cire. Duk yankan da kika fere ki jefa cikin ruwa nan take don kada ya yi duhu. Yana riga doya nuna, don haka daga minti 20 ki fara soka cokali mai yatsu. In ya shige salin alin ki sauke ki tsiyaye, ko ki ci da miyar ƙwai ko ki daka da zafinsa. Wanda ya nuna tun kafin a dafa ya yi luguf yana ƙamshi kuma kada ki zubar, ina jin ciwon ganin haka. Ki murje shi da fulawa ki soya fanke, zaƙinsa ma ya rage miki sukari.

Ukwa kuwa matsalarsa tsakuwa da kanwa. Ki tsince shi kamar wake, ki rege, busasshe ki jiƙa shi ya kwana. Kanwa ke sa shi laushi, amma kada ki jefa dunƙulenta a tukunya: ki jiƙa 'yar kaɗan, ki tsiyayi ruwan sama, ki bar yashin a ƙasan kofi. In ta yi yawa zai yi santsi da bauri, ga ɓata ciki. Sai ya yi laushi za ki sa manja, busasshen kifi da attarugu. Ruwan da ya yi saura kafin ki zuba manjan, maƙwabciyata 'yar Ibo a Kubwa a kofi take tace shi ta sha da ɗuminsa.