Yadda za a buɗe wa ruwa hanya a kogin da doka ta kare

A watan Agusta na 2016 aka tafka ruwa a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, wasu wuraren ya haura inci 20. Kogin Amit ya kai ƙafa 46 a garin Denham Springs, mutum 13 suka rasu a jihar. A falona ruwan ya kai gwiwa, har yau zanen lakarsa na nan a bangon gareji. Da ya janye, bakin unguwarmu ya zo ɗaya: a kawo katafila a yashe kogin, a miƙe shi. Ni ma na faɗa da bakina. Bin gaɓa da ƙafa da halartar zaman ƙaramar hukuma ne suka sauya mini tunani, shi ya sa nake so wanda ke cikin wannan hali ya bi abin daki-daki.

Ka fara sanin matsayin kogin. Tun 1970 Luwiziyana ta keɓe wasu koguna saboda kyawunsu, hukumar namun daji da kifaye ta jiha ce ke kula da su. Sau da yawa wani yanki ne kawai ke cikin jerin, don haka ka nemi taswira ka ga inda kariyar ta fara da inda ta tsaya. Dokar ta hana miƙe kogi, da sauya masa hanya, da datse shi don tara ruwa, da kwashe gungumen cikinsa, da saran itace don sayarwa cikin ƙafa 100 daga bakin ruwa. A 2017 majalisar jiha ta sassauta wa wasu koguna, ciki har da Amit da Komit, don aikin magudanar ruwa, amma ba ta ce kowa ya shiga da injinsa ba. Sai da izini. Kuma idan aikin zai sa a zuba laka ko ƙasa a kogi ko fadama, akwai izinin rundunar injiniyoyin sojan Amurka a ƙarƙashin sashe na 404 na dokar tsaftar ruwa.

Kafin ka rubuta takarda ko ɗaya, sa takalmin roba ka fita washegarin ruwan sama. Bi ruwan daga ƙofar gidanka har inda ya faɗa kogi. Ranar da na yi haka, ban kai kogin ba na ga matsalar layinmu: kwalbati ce ta cika da yashi fiye da rabi, wata tsohuwar katifa ta toshe bakinta, ganye ya taru a kai. Gyaran lambatu da kwalbati ya fi araha, ya fi sauri, kuma galibi ba sa cikin jerin kogunan da aka kare. Duk da haka ka tambayi hukumar idan lakar aikin za ta gangara cikin kogin.

In toshiyar a kogin take, to ba kowane gungume ne abokin gaba ba. Wanda ya kwanta a jikin gaɓa yana bin ruwa, kunkuru na shan hantsi a kansa, kifi na fakewa ƙarƙashinsa, shi ke riƙe ƙasar wurin kada ta zaizaye. A bar shi. Wanda za a nema a cire shi ne wanda ya gitta daga gaɓa zuwa gaɓa yana tara shara, ko ya maƙale a ƙafar gada. A shiga da kwale-kwale da zarto da igiya lokacin da ruwa ya ja baya, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a bar saiwar a cikin gaɓa. Abin da aka yanka a kai shi tudu mai nisa. In aka jibge shi a bakin ruwa, ambaliya ta gaba za ta mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Miƙe kogi kuwa ina adawa da shi ko da doka ta yarda. Lanƙwasa ce ke rage wa ruwa gudu. Ka cire ta, ruwanka ya isa kan mutanen da ke ƙasa da kai da wuri kuma da ƙarfi, gindin kogin ya riƙa zaizayewa yana cin gaɓa. A jihar Fulorida an mai da kogin Kisimi mai tsawon mil 103 magudanar ruwa miƙaƙƙiya mai mil 56 tsakanin 1962 da 1971, fadamu suka bushe, tsuntsaye suka watse, daga baya aka kashe maƙudan kuɗi ana mayar da lanƙwasar har 2021. Sannan in babban kogi ya cika, ruwan ƙananan rafuka baya yake komawa, yashe su ba ya hana hakan. Ruwa irin na 2016 sai babban aiki, kamar magudanar ruwa mai mil 12 da za ta karkatar da rarar ruwan Komit zuwa kogin Misisifi, da wuraren tara ruwa, da ɗaga gidaje.

Wajen neman izini, ku bi ta ƙaramar hukuma a ƙungiyance. Ku haɗa hoton kowace toshiya da ranar da aka ɗauke shi, da alamarta a taswira, da tsayin da ruwa ya kai a bangon gidaje. Ku faɗi kayan aikin da za a shiga da su da inda za a kai abin da aka cire. Ku gayyaci mutanen da ke ƙasa da ku da masunta tun zaman farko, domin hukumar za ta ba jama'a damar faɗin ra'ayi, kuma gara ku ji ƙorafinsu kafin takardar ta bar hannunku.