Sabon zuwa Ingila, ka buɗe kunnenka

Kafin mutum ya taho Ingila sai an cika masa kunne da cewa mutanen nan ba ruwansu da kowa, ko gaisuwa ba sa amsawa. Akwai ƙamshin gaskiya, don a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan kowa kansa na kan waya, ba mai tambayar ka ya gida ya yara. Amma don Allah kar wannan ya sa ka kulle kanka a ɗaki sai kai da 'yan garinku kawai, alherinsu ba ya zuwa da doguwar gaisuwa, haka kawai za ka gan shi.

Wani ƙanenmu da ya zo karatu ya shiga bas da takardar fam goma a hannu, bai san tun 2014 bas ɗin Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi ba, direba ya girgiza kai, layi ya taru a bayansa ga ruwa ana yi, sai wata mata ta ciro wani katin daga jakarta ta ɗora a na'urar biyan kuɗi ta ce masa ya wuce ya zauna. Kafin ya gama godiya ta sauka abinta.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne sauraro, musamman tsofaffi. Da yawansu su kaɗai ne a gida, 'ya'ya sun yi nisa, in tsohuwar maƙwabciyarka ta tare ka a bakin ƙofa tana maganar sanyi da karenta kar ka yi ta duba agogo, tsaya ka ji ta. A irin wannan hirar ne za ka ji ranar da ake kwashe shara da kalar kwandon da za ka fitar, ka ji cewa ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci ba ya biyan harajin gida na kansil, kuma rajista da likitan unguwa wato GP kyauta ce. Ita za ta ce maka in ciwo bai kai na gaggawa ba 111 ake kira, 999 sai abu ya yi tsanani. Ita ta samu abokin hira, kai ka samu abin da za ka yi watanni ba ka sani ba. Mu da aka raine mu da zama gaban manya a yi shiru, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Masallatai ma haka, da azumi babban masallacin unguwar Whitechapel a Landan na ba da buɗa baki. Mabiya addinin Sikh kuma a wurin ibadarsu suna ciyar da duk wanda ya shigo kyauta ba tambayar addini, abincin ba nama, ka cire takalmi ka rufe kai kawai.

Sai dai maganar biza kam ba a ɗaukar ta daga bakin "wani ya ce", ko da mai faɗin yana son ka da alheri. Ɗalibin digiri awa 20 aka yarda ya yi aiki a sati lokacin da makaranta ke buɗe, in an ce maka ba komai ka ƙara, duba shafin gwamnati na gov.uk ko ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku. Rigimar haya ko albashi kuma 'yan ƙungiyar Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, ka tafi da takardunka duka.