Yadda ake sa mas ɗin centella a fuskar da ke zafi da ƙaiƙayi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka a Gusau da Talata Mafara, fuskar mata da yawa takan ɗaure, ta yi fari-fari, ko ruwan alwala ya taɓa ta sai ta ɗauki raɗaɗi. Irin wannan fatar ce ake yi wa mas ɗin centella: ƙyalle ne siriri mai siffar fuska, da hujin ido da hanci da baki, an jiƙa shi da ruwan magani, yawanci mililita 20 zuwa 25 a leda ɗaya.

Centella asiatica ciyawa ce ta fadama da ke fitowa a Indiya, Siri Lanka da Madagaska. Kamfanonin Koriya ta Kudu ne suka yaɗa ta a kayan kwalliya, shi ya sa za ki ga an rubuta Cica, sunan da suke kiranta da shi, a jikin leda. Sinadarai huɗu ne ƙarfinta: madecassoside, asiaticoside, madecassic acid da asiatic acid. Aikinsu rage kumburi da taimaka wa fata ta farfaɗo. Ba sa sa haske, duk abin da mai shago zai gaya miki.

Kafin ki biya kuɗi, juya bayan ledar. Ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan sunan centella ya faɗo can ƙarshen jeri, ɗan ɗigo ne kawai aka sa. Idan kin ga Fragrance, Parfum ko Alcohol Denat, ajiye shi, turare da barasa su ne suka fi tayar da fata mai rauni. Glycerin da Panthenol kuwa abokan tafiya ne, suna riƙe danshi. Duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Ledar da ta kumbura ko ta daɗe a rana kan teburin kasuwa, ki bar wa mai ita, don zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana ɓata kayan.

Sai gwaji, wanda yawancin mata ke tsallakewa. Ki sayi biyu iri ɗaya, ki buɗe ɗaya, ki shafa ruwansa a bayan kunne, ki jira awa 24 zuwa 48. Idan wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, fatarki ba ta karɓe shi ba. Ita ma centella tana iya tayar wa wasu da borin jini, kasancewarta ganye bai hana ba.

Ranar sawa, ki bari sai bayan Isha'i. Ki sa ledar a firji minti 10, ban da firiza. Idan babu wuta, jingina ta a jikin randa. Wanke hannu, wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ba soso, ba sabulun salo. Danna tawul a hankali, ki bar fuskar da ɗan lema. Ki fara daidaita hujin ido, sannan hanci da baki, ki shafe ƙyallen daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita. Sauran ruwan ledar na wuya ne da bayan hannu.

Minti 15 ya isa, iyaka 20. A nan ake yawan yin kuskure. Mace ta ga kuɗinta, sai ta bar shi ya bushe ƙayau ko ta yi barci da shi. Busasshen ƙyalle yakan koma yana zuƙe danshin fata, kuma a iskar hunturu ko ƙarƙashin fanka yana saurin bushewa fiye da yadda aka rubuta. Da kin ji gefensa ya fara ɗagawa, cire shi. Idan kuma kin ji raɗaɗi tun a mintunan farko, ba alamar yana aiki ba ce, cire ki wanke da ruwan sanyi.

Bayan cirewa kada ki wanke. Ki ɗan bubbuga ruwan da yatsu, sannan cikin minti biyu ki rufe da mai marar turare, ko man kaɗanya kamar ƙwayar wake ki narkar a tafin hannu. In ba a rufe ba, kafin asuba iska ta kwashe komai. Mai yawan ƙurajen fuska ta taƙaita maikon. Sau biyu a mako ya wadatar, kuma ƙyallen da aka sa sau ɗaya shara ne.

Masu gyaran amare su kula: ba a haɗa shi rana ɗaya da dilka, halawa ko gurzar kurkum da lemon tsami. A ba fatar kwana biyu ta huce.

Akwai fuskar da mas ba zai iya mata komai ba. Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin mai hydroquinone ko clobetasol, har fatar ta yi siriri jijiyoyi suka bayyana, za ta ji sanyi na dare ɗaya ne ciwon ya dawo. Haka mai makero, ƙyasfi, ko ciwon da ke fitar da ruwa. Waɗannan su ga likita, su tafi masa da kwalbar duk man da suke shafawa, don mai clobetasol a ciki ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke tsara yadda za a janye shi.