Yadda za ka buga gem ɗin tsoro na laɓe-laɓe ba tare da ka yi jifa da wayarka ba

Jama'a wannan rubutun ƙanina ne ya jawo shi. Shekaranjiya da dare an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwarmu nan Yelwa ta Garwa, zafi ya koro kowa tsakar gida, muna kwance kan tabarma sai kawai muka ji ihu daga zaure, na fito a guje ina zaton kunama ce, ashe gem ɗin Granny yake bugawa a waya tsohuwar da ke cikinsa ta fito mai ta bayan ƙofa da kulkinta. Wayar na can gefe ta kife a ƙasa. Ya ce min "Yaya wallahi gem ɗin nan ba a cin shi, duk inda na shiga sai ta same ni". Na ce ana ci mana, kai ne kake buga shi kamar kana buga ƙwallo a Rumde Ajiya, gudu kawai.

Irin gem ɗin da nake nufi shi ne wanda kake gani da idon mutumin da kake juyawa, ba ka ganin jikinsa sai dai hannu ko fitilar da ya riƙe, an rufe ka a wani gida ko asibiti ko rami, akwai wani abu da ke farautarka, kuma mafi yawan lokaci ba ka da makamin kirki. Aikinka biyu ne, ka laɓe, ka kuma warware kacici-kacicin da zai buɗe maka ƙofa. Amnesia: The Dark Descent na kamfanin Frictional Games da ke Suwidin shi ya ɗaga wannan salon a 2010, sai Outlast na Red Barrels daga Kanada a 2013, sai Alien: Isolation a 2014, Resident Evil 7 na Capcom a 2017, kuma a 2017 ɗin ce ma Granny ya fito a waya, wanda shi yawancin yaranmu suka sani don ba ya buƙatar babbar kwamfuta.

Abu na farko, kuma in ba za ka ɗauki komai a nan ba ka ɗauki wannan, ka sa abin kunne. Ekuter ko kask, ko na kasuwa ne mai araha in dai hagu da dama duk suna aiki, kuma ka duba ba ka juya su ba, don na taɓa yin dare guda ina gudu ina faɗawa hannun dodo ashe na dama na sa a hagu. Waɗannan gem ɗin da kunne ake buga su. Takun ƙafa, jan sarƙa, ƙarar katako, numfashi a bayan bango, duk labari suke ba ka na inda abin yake da inda ya dosa. A Outlast akwai wani ƙaton mutum Chris Walker, kafin ka gan shi za ka ji sarƙarsa na kacau-kacau. A Amnesia kiɗan kansa ke canzawa in dodo ya fito, in kiɗan ya lafa to ya tafi. Wanda ya kashe sauti wai don kar ya ji tsoro, ya toshe hanyar da gem ɗin ke yi mai gargaɗi ne, sai ya zama kowane lungu bazata.

To kamar yadda kake jin dodon haka shi ma yake jin ka. Nan ne matsalar ƙanina take. A Granny duk abin da ka yar a ƙasa tana ji, ka ture tebur ko ka taka katakon da ke ƙara, nan take za ta taho wurin. Shi kuwa abu ɗaya kawai ake iya riƙewa a hannu, sai ya riƙa watsar da guduma ya ɗauki filaya, ya watsar da filaya ya ɗauki makulli, kamar mai kiran ta da ƙararrawa. Dabarar ita ce ka juya abin ya zama naka, in kana son aiki a ƙasan bene sai ka hau sama ka jefar da wani abu da gangan, ka laɓe ƙarƙashin gado ko cikin kabad har ta iso, tana wucewa ka sulale ƙasa ka yi aikinka hankali kwance. A Amnesia ma akwai wurin da ruwa ya cika, dodon da ke ciki ba a ganin sa sai fantsamar ruwa, kana tsalle daga akwati zuwa akwati, in za ka tsallaka wuri mai nisa sai ka cilla wani abu can gefe ya bi, kai kuma ka wuce. Gudu sai in an riga an gan ka. In ba haka ba tafiyar tsugune, sannu sannu.

Kuma in an gan ka ɗin, kar ka shige kabad a gaban idonsa, zai zo ya finciko ka ne kawai. Sai ka fara ɓace mai tukuna, ka sha kwana, ka rufo ƙofa a bayanka don ta ɗan tsayar da shi, sannan ka ɓuya. Ni duk ɗakin da na shiga kafin in taɓa komai sai na duba abu biyu, ina maɓoya kuma ina ƙofa ta biyu. Ɗakin da ƙofarsa ɗaya ce ba na daɗewa ciki.

Maganar haske kuwa mu mutanen arewa ai ba sai an koya mana ba, wanda ya saba lissafin cajin waya tun da rana saboda bai san ko za a kawo wuta da dare ba, ya riga ya iya rabin gem ɗin. A Outlast ɗan jarida ne kai, kamara kawai gare ka, tana da hasken ganin duhu amma yana shan batir, kuma batiran tsinto su ake ɗaya ɗaya. Kunna, ka hango hanya, ka kashe, ka yi tafiyar da ka haddace. A Amnesia na farko fitilar mai ce da ƙyastu na kunna kyandir, amma su sun ƙara wata mugunta, in ka daɗe cikin duhu ko ka ƙura wa dodo ido hankalin mutumin naka Daniel yana gushewa, allo ya fara lilo, ka ji kamar ƙwari na ƙas-ƙas a kunne. Saboda haka in ka laɓe juya fuska bango ka bar kunne ya yi aiki. Kyandir kuma kunna wanda ke mahaɗar hanyoyi inda za ka yi ta dawowa, kar ka ɓata ƙyastu a ɗakin da sau ɗaya za ka shiga.

Wanda ya fi ba ni dariya da tsoro lokaci guda shi ne Amnesia: The Bunker na 2023. Sojan Faransa ne kai a yaƙin duniya na ɗaya, an rufe ka a ramin yaƙi, kuma dukkan rayuwarka ta rataya ne a kan gurup, wato janareto. Kana yawo kana neman galan ɗin mai kamar mai neman zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, ranar da aka rufe boda, in ka zuba ka tayar fitilu su kama dodon ya rage fitowa, in mai ya ƙare duhu ya rufe sai ya fito yawo. Akwai agogon aljihu da kake saita shi da gurup ɗin ya nuna maka sauran lokaci. Tocilarka kuma irin ta jan zare ce, kana ja tana ƙara, ƙarar na kiran shi. Shawarata a nan, kar ka tayar da inji sai ka san inda za ka da abin da za ka ɗauko, ka duba taswirar da ke ɗakin ajiye wasa, ka tsara fita ɗaya buƙata ɗaya, ka dawo ka kashe. Bindigar da ke hannunka harsashinta kaɗan ne kuma ba ta kashe shi, korar sa kawai take na ɗan lokaci.

Sai kacici-kacici. Gaskiya yawancinsu ba wuya gare su ba, tsoro ne ke hana mutum tunani. Kusan duk iri uku ne, ƙofa da makullinta, inji da ya rasa wani sashe, sai lambobin sirri. In ka tarar da ƙofa mai hoton wani abu a jiki to makullinta na ɗauke da wannan hoton, a Resident Evil 7 ƙofar fita daga babban gida kawunan karnuka uku take nema, kuma bindigar da mutum-mutumi ke riƙe da ita in ka ɗauka ƙofa ta rufe, sai ka samo wata karyayyar bindiga ka musanya. A Outlast in an ce ka tayar da janareto a ɗakin ƙasa, famfunan mai biyu ne da babban makunni ɗaya, kuma ka sani da ka taɓa na farko ƙarar za ta jawo mai gadin wurin, don haka tun kafin ka danna ka riga ka zaɓi inda za ka shige. Wannan ƙa'idar tana aiki kusan ko'ina, duk lokacin da ka warware wani abu babba gem ɗin zai sako maka wani abu.

Takardun da ke warwatse a tebura ku riƙa karantawa don Allah, yara na tsallake su wai surutu ne alhali amsar na ciki. In Turancin Ingilishi na ba ka wahala shiga saiti ka mai da rubutun Faransanci, manyan gem ɗin nan suna da shi. Ni har ƙaramin littafi nake ajewa gefe ina rubuta lamba da inda na ga ƙofa a kulle, matata na min dariya wai ko a lise, wato sakandare, ban yi wannan ƙoƙarin ba. Kuma kar ka dogara da lambar da ka gani a YouTube, a The Bunker lambobin kabad ɗin sojoji suna bayan tambarin wuyansu ne kuma suna canzawa duk sabon wasa, a Granny ma wuraren kaya na sauyawa. In ka maƙale fiye da rabin sa'a koma ɗakunan baya ka buɗe durowa ɗaya ɗaya, sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne ka wuce shi a guje.

Alien: Isolation daban yake, shi nake cewa a bari sai an goge. Dodonsa ba ya bin hanya ɗaya da za ka haddace, yana shiga bututun rufi ya sauko inda ya ga dama, in ka ga miyau na ɗiga daga ramin rufi kar ka bi ta ƙarƙashi. Na'urar da ke nuna motsi tana ƙara tit-tit kuma in yana kusa yana jin ta, leƙa ka mayar. Zaman kabad na dogon lokaci ba ya kai ka ko'ina, gara ƙarƙashin tebur inda kake ganin ƙafafunsa kana matsawa kaɗan kaɗan. Kuma shi ba ya ajiye maka wasa da kansa yadda ka saba, sai ka je wata na'ura a bango ka zura kati ka jira daƙiƙu kaɗan, ana iya kashe ka kana tsaye a wurin, to duba bayanka tukuna amma kar ka taɓa wuce ɗaya ba ka yi sebin ba. Mu da wuta ke tafiya ba sallama wannan ya zama dole sau biyu, na taɓa asarar wasan kusan sa'a guda a kwamfutar tebur don na ce bari in ƙara ɗaki ɗaya.

Ga wanda zai fara yau, fara da Granny a matakin gwaji inda tsohuwar ba ta gida, ka zaga ka san ɗakuna da hanyoyin ɓoye, sannan ka koma mai sauƙi. Kwana biyar ake ba ka, ka ɗauki na farko da na biyu a matsayin na koyo, ka ma tsaya da gangan ta kama ka sau ɗaya ka ga iyakar abin da zai faru, daga nan rabin fargabar ta tafi. Mai kwamfuta kuma da ke son labari ba ya son a yi ta kashe shi, SOMA na 2015 yana da yanayin da dodanni ba sa kisa. In kanka na juyawa ko zuciya na tashi, ba aljanu ba ne, motsin kamara ne, shiga saiti ka faɗaɗa filin gani ka rage lilon kai in akwai, ka ɗan ƙara hasken allo, ka kuma huta bayan kowane minti talatin ko arba'in. Wayar ma a zafin watan Maris da Afrilu na Garwa cire mata riga, kar ka buga tana caji, za ta yi zafi gem ɗin ya fara tsinkewa daidai lokacin da ake bin ka. Sauke gem daga Play Store ko Steam, waɗancan na sata da ake turawa waya zuwa waya su ke cika ta da talla da ƙwayar cuta, kuma manyan suna cin jiga da yawa, jira sai ka samu wifi ko fofe ɗin dare, wato datar dare.

Outlast da Resident Evil 7 dai na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai jini da tsiraici da abubuwan da ba su dace yaro ya gani ba, shi ya sa ƙanin nawa na ce ya tsaya a kan tsohuwarsa. Jiya bayan isha'i na ara mai ekuter ɗina, na zauna gefensa ina shan shayi, na ga ya jefa wani abu a saman bene ya shige ƙarƙashin gado yana riƙe numfashi kamar da gaske, ta wuce, ya sauko ya cire katakon ƙofa da guduma. Saura makulli ɗaya ya fita sai ya taka tarkon da ta ɗana a bakin matakala. Ya ce "Yaya bar min wayar zuwa gobe", na ce caji saura 9 cikin ɗari kuma har yanzu ba a kawo kuran ba.